Gwangwanayen Sulaimanu

Pumpumre, Garwa
3 ga Maris, 2005

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi'atu, a Meiganga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya, sai zafin Garwa da kika sani.

Bayan haka, ga dalilin rubutuna, zan kuma tsara shi a taƙaice domin kada ki ji daga bakin wasu. Magadan marigayi Alhaji Bilya sun sayar da gidan silimar da na riƙe masa tun ina da baƙin gashi. Wanda ya saya ɗan kasuwa ne daga Duwala, magazen, wato sito na siminti, zai mayar da shi. Ban yi musu gardama ba, domin shekara huɗu ke nan ba mu kunna inji ba, jemagu ne suka gaji balkon, benen 'yan kallo. An bar mabuɗai a hannuna zuwa ƙarshen watan Afrilu. Na roƙi alfarma guda, aka kuma yi mini ita: in buɗe ƙofa sau ɗaya kafin a cire kujeru, ba tike, ba mai tsaron ƙofa, mutanen gari su yi bankwana da wurin.

Abin da ya rage shi ne me za a nuna. Na zauna ina auna finafinan da suka ratsa ta hannuna, kamar yadda Baba yake auna sa da ido kafin ya taya.

A zamanin 'yan kaboyi na fara aiki. Ƙarfinsu fili ne da doki, da mutum mai ƙarancin magana wanda in ya ce zai dawo yakan dawo. Mutanenmu masu shanu sun gane wannan hali, shi ya sa suka so su. Amma sai da na manyanta na lura da abin da muke tafa wa. Ana harbe masu ƙasa a kan ƙasarsu, mu kuma da ba mu daɗe da rabuwa da Nasara ba muna ihu muna cewa a ƙara musu.

Na Indiya su suka ciyar da mu, ba zan ci amanarsu ba. Sun san darajar uwa, sun san kunya, waƙarsu kuma tana raka mutum har ƙofar gida. Aibinsu shi ne ba sa yarda talaka ya zauna talaka. Duk matalaucin da ya yi haƙuri, a bobin na ƙarshe, wato naɗin fim na ƙarshe, sai a gano ashe ɗan attajiri ne da ya ɓace a tashar jirgi. To, wanda ubansa mahauci ne na gaskiya, da me zai koma gida?

Na Sin masu karate babu ha'inci a jikinsu, abin da ƙafa ta yi shi ido ya gani. Labarin kuwa ɗaya ne tak, an kashe malamina zan rama, washegari kuma kafinta ke cin riba, domin yara sun gwada abin da suka gani a kan bencinmu. Na Faransa kuwa, mutum biyu ne a ɗaki suna shan taba suna tonon zuciya. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba, amma gaskiya ce ta mai takardar makaranta. Malaman lise, wato sakandare, suna balkon suna gyaɗa kai, mutanen ƙasa suna minshari.

Duk cikinsu babu wanda aka yi dominmu. Guda ɗaya aka taɓa yi a garin nan, da mutanen garin nan, shi ne na ƙanenmu marigayi Sulaimanu, wanda ya bi shanu da kyamara daga kara zuwa mayanka. Kwafi ɗaya ne a duniya, gwangwanaye huɗu, suna kuma hannunki. Norbert, tsohon operatanmu mai kunna inji, da ke gyaran rediyo a Ngong yanzu, yana riƙe da ƙaramin injin da ke karɓar irin wannan fim, ya kuma tabbatar mini yana aiki.

Saboda haka nake roƙonki ki aiko da su, domin da shi nake so a rufe gidan. In kin samu hali ki zo da kanki, wurinki yana layin gaba.

Ki gaishe mini da maigida da yara. Uwargida Ramatu tana gaishe ki.

Yayanki,
Hamidu


Meiganga
11 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigida yana amsawa. Takardarka ta iso ta hannun direban ajans, kamfanin motocin haya. Na karanta ta sau biyu, na biyun don in tabbata idona bai yi mini ƙarya ba.

Ka auna na kaboyi, ka auna na Indiya, ka auna na Sin, kamar alƙali a kan buzu. Guda ɗaya ka tsallake: yadda ka auna na ɗan'uwanka. Ni ban manta ba. Kwana biyu ka ba shi. Na uku ka sa aka yage afish ɗinsa, hoton talla, daga bango, aka liƙa na wani Basine yana tsalle da ƙafa ɗaya a sama. Mutumin da ya sayar da shanun da Baba ya ba shi ya sayi fim, kai ka san haka, don a gabanka aka kora su. Ya zo gidana da gwangwanayen a ka, sai ka ce mai talla. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ce, “Rabi, riƙe mini. Zafi da haske su ne abokan gabarsa. Kada ki buɗe, kada ki ba kowa.” Na ce, “Har Yaya?” Ya ce, “Ai shi ne kowan.” Daga nan ya shiga bin manyan motoci a hanyar Bangi, bai sake taɓa kyamara ba har zazzaɓi ya ɗauke shi a garin da ba mu da kowa.

Kuma ka bar mana Indiyarmu, don Allah. Kai kana ofis kana shirya afish, ba ka san abin da ke kai mutum ba. Lokacin da ni da ƙanwarmu Dela muke satar shiga ta ƙofar kabin, ɗakin inji, Norbert yana cewa “Ku yi sauri kada Shef ya gani,” yana nufin kai, kana tsammanin ba mu san ƙarya fim ɗin yake mana ba? Mun sani sarai. Wadda ta wuni tana wanke tumbi a bakin Binuwai ta san ba 'yar attajiri ba ce. Hutu take nema, a bar ta ta yi kuka a kan baƙin cikin wani, ba nata ba. Wannan kai ba ka taɓa sa shi a ma'auninka ba.

Yanzu da jemagu suka ƙoshi da gidan, ka tuna kana da ƙane. Yanzu da babu tike, babu abin da za a yi asara, fim ɗinsa ya isa hawa bango. Madalla da wannan karamci.

Ba zan aiko ba. Ko kuwa in ce, ba zan ma fara tunanin aikowa ba sai ka amsa mini abu ɗaya. Fim ɗin Sulaimanu mai kyau ne ko ba mai kyau ba ne? Kada ka yi mini Hausar manya, kada ka zagaya da ni Faransa da Sin. Ka faɗa mini kamar yadda Baba yake cewa sa ya yi ko bai yi ba.

A gaida Yaya Ramatu, ita ba ruwanta.

Ƙanwarka,
Rabi'atu


Pumpumre, Garwa
20 ga Maris, 2005

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi'atu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na karɓi amsarki, na kuma jinkirta kwanaki kafin in ɗauki alƙalami, domin tambayarki ta cancanci a amsa ta da sanyin zuciya.

Da farko ki tuna da shekarar. Ita ce ta biyo bayan yunƙurin juyin mulkin Yawunde, lokacin da gidaje da yawa a garin nan suke jiran 'ya'yansu da aka kama, babu mai ɗaga murya ko a majalisar shayi. Wanda ya zo silima a lokacin ya zo ne ya manta da Garwa. Sulaimanu kuwa Garwa ya kawo musu. Ke ba ki cikin ɗakin a kwana na biyu, ni ina ciki. Bobin na farko bai kai rabi ba wani mahauci ya miƙe ya ce, “Kai operata! Shanu na baro a mayanka, na biya tike in zo in sake kallon shanu?” Wani daga baya ya ce, “Ka yi haƙuri, malam, na gaban nan shi ne ɗan wasan, yanzu zai yi waƙa!” Da aka nuno Baba yana wasa wuƙa, sai suka haɗa baki, “Baba Hamadu, yanka mana! Ta yi kaifi!” Daga nan ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kan allo, sannan takalmi. Sulaimanu yana tsaye a ƙofar kabin yana ji. Gidan ba nawa ba ne, magidanta kuma suna ci a ƙarƙashinsa. Na sauke fim ɗin, da kuma za a mayar da ni wannan rana da na sake sauke shi. Ba zan ce miki na yi nadama ba don kawai ki aiko.

Ga amsar tambayarki. A ma'aunin sana'a, bai yi ba. Bobin na farko ƙafafun shanu ne suna tafiya, har mutum ya fara jin ƙishirwa. Iska ta cinye rabin maganar da aka yi a kara. Cikin mayanka duhu ya yi yawa, ba a bambance mutum da nama. Babu labarin da zai riƙe mai kallo, domin ya ɗauka in ya nuna gaskiya ita kaɗai za ta tsaya da ƙafarta. Na faɗa masa haka tun kafin a nuna, ya ce ni ɗan tike ne ba ɗan fim ba.

Amma akwai abin da ban gaya masa ba, domin a lokacin ban san shi ba. Bayansa na nuna na Amurka na zamanin baya-bayan nan, inda mutum ɗaya yake rushe gari bai sake harsashi ba. Gwanintarsu ta kai matuƙa, ba a taɓa jin ƙara ko ganin wuta irin tasu ba, amma kafin mutum ya kai bakin titi ya manta fuskar wanda ya mutu. Sannan kaset ya zo, bideyo-kulob a kowace kwana, su suka haƙa mana kabari bayan karyewar darajar kuɗin sefa ta kwantar da mu. Na Legas suka zo da tsafi da ihu. Na Kano suka zo da harshenmu, kuma ranar da na fara jin an yi sallama da Hausa a cikin akwatin talabijin sai da idona ya kawo ruwa. Ina yaba musu wannan. Sai dai rawar aro ce, murya kamar daga cikin tulu, kuma gidajen da suke nunawa ban taɓa shiga irinsu ba. Duk waɗannan na kalla, babu wanda ya zauna mini.

Abin da ya zauna shi ne bobin na uku na Sulaimanu. Baba ya riƙe hannun wani Bafillace ana ciniki, kowa yana ja, kowa yana kawar da kai kamar ba ya so, har Baba ya saki wannan ɗan murmushin da yake yi in ya san ya samu. Sannan Inna a bakin kogi da ƙwaryar kayan ciki. Ta ɗago ta ga kyamara, ta rufe baki da bayan hannu, dariya ta ƙwace mata, ta ɗebi ruwa ta watsa wa Sulaimanu. Bai fi a ƙirga ashirin ba. Babu Bafaranshe ko Ba'indiyen da zai iya ɗaukar wannan, domin ba shi za ta watsa wa ruwa ba.

Kin san Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin shaida sai da aka yi rigima, katin kuma ya tafi da gobarar kasuwa. Rabi'atu, na manta fuskarta. Ina tuna zanenta mai ruwan bula, ina tuna muryarta in tana kiran awaki, fuskar ce ta ƙi zuwa. Nakan nema bayan salla, sai in ga taki ko ta Dela. Shekaruna sun kai inda ba a cewa sai baɗi.

Wannan ce amsata: fim ne mai rauni, kuma a cikin dubban da na nuna shi kaɗai nake bukatar in sake gani. In amsar ta ishe ki, ki aiko. In ba ta isa ba, ba ni da wata.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya jiƙan Sulaimanu.

Yayanki,
Hamidu


Meiganga
6 ga Afrilu

Zuwa ga Norbert, mai gyaran rediyo, Ngong.

Norbert, jam na? Ina gajiya, ina Léontine da yara? Ina fata kana nan da surutunka, kuma har yanzu kana gyara rediyon mutane ya dawo yana kama Cadi kaɗai.

Ga kaya nan a hannun Dauda direba, buhu ɗaya, gwangwanaye huɗu a ciki. Wurinka na aiko, ba wurin Shef ɗinka ba. Daga hannunka sai inji, daga inji sai hannuna. In ya ce a ba shi ya duba, ka ce Adda Rabi ta hana. Ya rubuto mini wata doguwar takarda, bai ba da haƙuri ba ko da kalma ɗaya, ka dai san shi. Amma ya ce ya manta fuskar Inna, ni kuma na kwana biyu ina gwadawa, na tarar nima haka. Shi ya sa.

Za ka same su lafiya lau, don ban yi musu riƙon wasa ba. Marigayi ya ce zafi da haske ne abokan gabarsu. Da muka ƙaura Meiganga ban bar su a Garwa ba, don wannan rana taku ko ƙarfe tana narkarwa. Na rasa inda ya fi sanyi da duhu a gidan nan, sai ɗakin goro. Ka san yadda muke yi wa goro in ana so ya shekara bai bushe ba, haka na yi musu. Na shimfiɗa ganye, na naɗe su da algarara, duk ranar da na juya huhuna ina tsince mai sankara, su ma sai na yayyafa musu ruwa na sake ganye. Ko ranar da na haihu sai da na sa aka yi. Maigida yana mini dariya yana cewa, “Hajiya, wannan goron naki yaushe zai shiga kasuwa?” Ban taɓa buɗewa ba, kamar yadda aka ce mini. Bakin murfin ya yi ɗan tsatsa, kuma akwai wani tsami-tsami da ke tashi, na san warin maganin Turawa ne da ake wanke fim da shi.

Ka gaya wa Shef ranar Asabar ta ƙarshen wata zan taso. Ba ni kaɗai ba: 'yata Maimuna da 'ya'yanta, da su Hamadu ƙarami daga Ngaundere, mota guda muka kama. Babu wanda ya san kakarsa a cikinsu. Na ce musu za su ga inda Maimuna ta samo wannan dariya tata mai ban haushi. Kuma ka ce masa duk wanda ya jefa ɓawon gyaɗa a wannan karon, ni zan fitar da shi da kaina, ko da gemunsa ya kai cibiya.

Ka share injinka da kyau. Ga goro nan fari a gefen buhu, naka ne da Léontine. Useko, na gode.

Adda Rabi


Ngong
9 ga Afrilu

Shef,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya da Hajiya Ramatu.

Kayan Adda Rabi sun iso jiya da rana. Na haɗa maka da takardar da ta rubuto mini, ka karanta ta kafin ka ci gaba da tawa, za ka gane tun ban faɗa ba. Ni tun ina karantawa na zauna a kan benci.

Dauda ya sauke buhun ya ce, “Norbert, wannan kaya tun daga Meiganga pasinja ke zagina, wai na ɗauko tsohon kunu.” Na shiga da shi shago. Murfin farko sai da na sa guduma. Da ya buɗe, Léontine ta leƙo daga bayan gida ta ce, “Wa ya zubar mini da ruwan tsami?” Da ta ga fuskata sai ta matso ta leƙa cikin gwangwanin.

Shef, babu fim. Ya narke ya haɗe wuri ɗaya kamar dunƙulen daddawa, fumfuna fari a kai. Na nemi bakin zaren a hankali da reza, in na ɗaga sai hoton ya biyo yatsana kamar baƙin mai, ledar ta rage fara. Na biyu haka. Na huɗu ruwa ne ma a ƙasansa. Na uku na bari a ƙarshe don na san abin da ke ciki, ni na nuna shi. Na yi addu'a irin tamu, na buɗe. Ya fi sauran lalacewa, ina jin shi ne a ƙasa wajen jiƙaƙƙen ganye.

A tsakiyar na farko na samu wani guntu, bai fi kamu biyu ba, da bai mutu duka ba. Na ɗaga shi a rana. Ƙafafun shanu ne suna tafiya. Shi ke nan abin da ya rage.

Ka san hannuna. Na Indiya sun tsinke mini ana tsakiyar waƙa, mutane suna zagin uwata, na liƙa su kafin su gama zagin. Na karate da suka zo daga Marwa a tsattsage na haɗa su, ko an rasa faɗa ɗaya ba wanda ya sani. Wannan ba ya liƙuwa. Ko Paris aka kai shi ba abin da za su yi.

Ba ta san fim ba goro ba ne, Shef. Marigayi ya ce mata zafi da haske, bai ce mata ruwa ba, don wa zai yi tunanin ruwa a Garwa? Shekara ashirin tana yi masa hidima.

Yanzu me zan ce mata? Ta kama mota, ta gaya wa jikoki. Ni ba zan iya ba. Léontine ta ce gaskiya ɗaya ce, a faɗa mata. Dauda ya ce shi direba ne, bai ga komai ba. Ina jiran umarninka.

Naka,
Norbert


Pumpumre, Garwa
13 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga Norbert da Madam Léontine, da Malam Dauda direba.

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi takardun biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gode maka, Norbert, da ka buɗe na ukun ba ka bar mini shi ba.

Ga abin da na yanke. Jiya na miƙa mabuɗai ga mai siminti tun wa'adi bai cika ba, yau da safe aka fara cire kujeru. Na rubuta wa Hajiya Rabi'atu cewa kada ta taso, babu sauran wurin da za a yi nuni, kuma ni na ba da gidan da hannuna. Babu ƙarya a cikin wannan. Na san sunan da za ta kira ni da shi a gaban 'ya'yanta, na kuma san da wuya ta sake amsa takardata. Ta saba da fushi da ni, tana da ƙarfin ɗaukarsa. Ɗayan kuwa, sanin cewa hidimarta ce ta lalata fim ɗin, ban ga yadda za ta ɗauke shi ba.

Norbert, ka mayar da komai cikin gwangwaninsa, har guntun nan mai ƙafafun shanu, domin nata ne. Ka rufe murafen yadda suke, ka naɗe su da algarararta, Malam Dauda ya mayar mata hannu da hannu. Ka cire ƙwan fitilar injinka ka aiko mini, domin in ta nemi ka nuna musu a wani wuri ka ce ba ka da fitila, ka ga kuwa gaskiya ka faɗa.

Madam Léontine, na ji ra'ayinki, ina kuma girmama shi. Ban nemi kowa ya yi ƙarya ba. Shiru nake nema, muddin tana raye, ko ina nan ko ba na nan.

Saboda haka ina roƙon haɗin kanku gaba ɗaya a kan wannan al'amari, kowa ya riƙe abin da ya gani a tsakaninsa da Mahaliccinsa. Allah Ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Hamidu Hamadu